Tarin Baba da Na Rubuta da Ingilishi

A gidanmu na Arlit ba a wasa da ruwa. Innarmu tana iya yafe maka in ka fasa mata tangaran, amma ka bar pampo yana ɗiga, to ranar ka shiga uku. Duk da haka, kullum da safe, bayan Baba ya dawo daga masallaci, kafin motar ma'aikata ta zo ɗaukarsu, sai ya shiga banɗaki ya buɗe pampo har ƙarshe, ruwa ya yi ta dukan bokitin ƙarfe yana ambaliya. Inna tana tsakar gida tana dama kunu, ko ɗaga kai ba ta yi. Sai da na shiga lise, wato babbar sakandare, na gane dalili. Tari yake yi a ciki, ƙarar ruwan ce take rufe shi.

Bari in faɗi abin da zai sa mutum ya ɓoye tari kamar kayan sata. Baba direban babbar mota ne a ramin ma'adini, irin motocin nan da tayarsu ta fi mutum tsawo. Daga Damagaram ya zo tun yana saurayi. Gidan da muke ciki na wurin aiki ne, wutar ma haka, har ruwan da yake zubarwa. Sau ɗaya a shekara kowane ma'aikaci yana zuwa gaban likita a duba shi, abin da suke kira bizit. In likita ya ce ƙirjinka ba zai ƙara ɗaukar aikin rami ba, shi ke nan, ka sauka. Ba mugunta ba ce, don lafiyar mutum aka yi dokar. Amma mai ƴaƴa shida ba haka yake kallonta ba. Hoton ƙirjin Baba yakan fito da ɗan duhu a gefe, likita ya tambaye shi ko yana tari, ya ce a'a, sai a ce to a sake dubawa baɗi. Wannan "a'a" ɗin ita ce take riƙe da rufin ɗakinmu. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce kada mu faɗa. Kowa dai ya san ba a faɗa.

Ni kuwa Allah ya jarabce ni da son Ingilishi. A ƙasar da Faransanci ke ba da abinci, ni na je na maƙale wa harshen da ko a kasuwa ba zai rage mini kuɗin tumatir ba. Ƙannen Inna har tsiya suke mini, wai Nasara ɗaya bai ishe ni ba sai na ƙaro na biyu. Ban kula su ba. Na ci bak, jarrabawar gama lise, na tafi jami'a a Yamai na yi lisans, wato digirin farko, na zarce mastar a adabin Ingilishi. Baba ne kaɗai bai taɓa tambayata amfaninsa ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Uwata. In na kira shi a waya abin da zai ce bai wuce, "Uwata, a dai yi ta karatu."

Mu ƴan mastar ba mu da yawa, kuma kowa da hanyar da ta kawo shi. Akwai wani dattijo daga Dosso da ya yi shekaru yana koyarwa a lakwal, makarantar boko ta ƙauye, tabarau ɗinsa ɗaure da zare. Shi marayun da ke cikin tsofaffin littattafan Ingila yake bincike, don ƴaƴan marigayi ƙanensa biyar ne a hannunsa. Akwai wata da ta fara karatun shari'a ta gudu bayan shekara biyu, amma shari'ar ba ta sake ta ba, ta koma tana bin wasannin kwaikwayo tana duba wa ake bari ya yi magana a gaban alƙali, wa ake hanawa. Akwai wani ɗan Tawa da ya haddace Alƙur'ani kafin ya taka lakwal, ya yi lisans ɗinsa a Sakkwato. Shi waƙoƙin tuba na tsofaffin mawaƙan Ingila ya riƙe, kuma in yana karanta su a aji sai ka rantse ƙira'a yake yi. Sai ƙawata ƴar Maraɗi, wadda muke ɗaki ɗaya, ita matan kasuwa take bi a littattafan da ƴan Afirka suka rubuta da Ingilishi. Uwarta mai sayar da atamfa ce.

Ni littattafan masu haƙar kwal na zaɓa. Ranar da na fara buɗe irinsu a laburare, sai da na ajiye na fita na sha iska. Ƙasa mai sanyi, mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakana, amma ga gidan kamfani, ga uba mai fita da sassafe, ga mata masu kasa kunne su ji ko ya dawo, ga tarin da ba a magana a kansa. Na ce ashe an san mu.

Malamin da ke duba aikinmu a waje ya yi karatu, kuma ya ƙudurta sai sashenmu ya yi shafi a intanet irin na jami'o'in can. Ya ce kowa ya kawo hotonsa da layi huɗu ko biyar da Ingilishi: inda ka yi karatu, da abin da kake bincike. Ya ƙara da cewa, "Kada ku kawo mini takardar neman aiki. Mai bincike na gaskiya yana faɗin inda yake tsaye. Me ya kawo ka wannan batun? Shi nake so in gani." Shekara guda yana cusa mana wannan magana har ta zauna. Dattijon Dosso ya ambaci marayunsa. Ƴar Maraɗi ta ambaci rumfar uwarta. Ni ma na zauna na rubuta nawa. Na ce an haife ni a Arlit, na faɗi makarantun da na yi, na ce ina binciken cuta da shiru a littattafan masu haƙar kwal. Sannan na rufe da cewa abin da ya kawo ni shi ne mahaifina, direba a ramin ma'adini, wanda ya yi shekaru yana buɗe pampo kowace safiya don kada mu ji tarinsa.

Malam ya karanta nawa a gaban aji, ya ce haka ake so. Kaina ya kumbura. Wallahi ko sau ɗaya bizit ba ta faɗo mini a rai ba. A tunanina Ingilishi wani ɗaki ne da ƴan gidanmu ba sa shiga, in na faɗi magana a ciki kamar ban faɗa ba. Karatu ya yi karatu, hankali kuwa babu.

Kwana uku da fitowar shafin, ina wanke kwanuka, waya ta hau ƙara ba ƙaƙƙautawa. Ashe ƙawata ƴar Maraɗi ta ɗauki hoton shafin ta sa a wayarta don alfahari, wani ya gani ya jefa shi cikin gurup ɗin tsofaffin ɗaliban lise ɗinmu na Arlit. Daga nan ya faɗa gurup ɗin matan unguwa, ya faɗa na ma'aikata. Ga hotona da mayafi, ga sunana har da na Baba, ga layukan nan a ƙasa ɓaro-ɓaro. Saƙonni suna ta shigowa, ɗiyarmu ta zama abin kwatance, Allah ya ƙara basira. Na zauna a ƙasa da kumfa a hannuna. A lokacin na tuna saura sati uku a yi bizit.

Na yi wa ƙawata tas, har da abin da bai kamata ba. Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Ke kika rubuta fa, ni ɗauka kawai na yi." Gaskiyarta, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Washegari na ruga sashe don a cire. Mutumin da ke kula da shafin ya tafi ƙauyensu ta'aziyya, kuma shi kaɗai ya san yadda ake shiga. Na samu malam, ya saurare ni da kyau, fuskarsa ta canza, ya ce za a cire da zarar mutumin ya dawo. An cire ɗin kuwa bayan kwana biyar. Amma magana zarar bunu ce. Hoton yana cikin wayoyin Arlit, ba wanda zai bi su ɗaya-ɗaya ya goge.

Abin da na koma yi shi ne lissafin masu jin Ingilishi a garinmu. Ina cikin aji ina lissafi, ina kan sallaya ina lissafi, Allah ya yafe mini. Malaman Ingilishi na lise da na kolej. Injiniyoyi, kusan dukkansu. Likitoci. Baƙin da ke wucewa zuwa arewa, da waɗanda aka koro daga iyaka suka maƙale a gari, ƴan Gana da ƴan Najeriya da sauransu. Da nake cewa ba mai jin Ingilishi a Arlit, ashe gari cike yake da su, ni ce ban taɓa ƙirgawa ba. Bayan haka ma, wace waya ce yanzu ba ta fassara rubutu in ka danna? Mutum ɗaya ya isa. Mutum ɗaya ya karanta, ya faɗa a fada wurin shan shayi, a ce ai ɗiyarsa ce da kanta ta rubuta.

Hutu ya zo saura kwana goma a yi bizit. Na hau mota, kwana biyu a hanya, ban iya cin komai ba sai ruwa da biskit. Bayan Agadez, inda hanya take lalacewa mota ta dinga jijjiga mutane, kowa yana ƙorafi, ni kuwa so nake ta ƙara rage gudu.

Tun daga tasha aka fara. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni ya waiwayo ya ce, "Ba ke ce ta cikin waya ba?" Na ce ni ce. Ya ce madalla, ya ci gaba da tuƙinsa. A unguwa mata suka yi ta shigowa yi mini barka. Duk wadda ta buɗe baki sai in zuba wa leɓenta ido ina jiran kalmar. Wata maƙwabciyarmu Ba'abziniya ta riƙe hannuna tana dariya ta ce da irin Hausarsu, "Kai ka yi ƙoƙari, yarinya, duka gari ya ga hotonka." Hoton suka gani. Ba wadda ta karanta.

Sai ranar Juma'a, a layin mai nama, na haɗu da wata ma'aikaciyar asibiti da ta girme ni da aji biyu a lise. Muka gaisa. Ta ce ta ga abin da na rubuta, ya yi kyau. Ba ta ce hoto ba, rubutu ta ce. Sannan ta ce, "Ya jikin Baba?" A garinmu ana tambayar jikin kowa, ko lafiyarsa lau. Na sani. Amma ita a asibiti take aiki. Na ce lafiya ƙalau, da ƙarfi fiye da kima. Na dawo gida ba naman, Inna ta bi ni da kallo.

Ban gaya wa Inna ba. Sau uku ina buɗe baki a madafa ina rufewa. Kullum da safe ina kwance ina jin pampo yana zuba, ina jin abin da ke ƙarƙashin ƙarar ruwan, kuma a bana ya fi na bara tsawo. Tsoro biyu ne suka haɗu mini. Ina tsoron likita ya sani, ina kuma tsoron abin da zai faru in bai sani ba. Na farkon dai shi ne da hannuna a ciki.

Ana jibi bizit, da la'asar, Baba yana zaune a tabarma bakin ƙofar ɗakinsa da kofin madara da zuma. Ya kira ni. Ya miƙo mini wayarsa, ga hoton a buɗe.

"Uwata, kowa yana mini barka, ni kuwa ban san abin da aka ce ba. Karanta mini da Hausa."

Na durƙusa na karɓa. Na dafe wayar a cinya. Na karanta masa an haife ni a Arlit. Na karanta makarantu. Na ce ina binciken rayuwar masu haƙar kwal a littattafai. Da na iso layin ƙarshe sai na ji bakina yana cewa, "Abin da ya kawo ni shi ne mahaifina, direba a ramin ma'adini, wanda yake tashi kowace safiya don ya ga mun yi karatu."

Shekara biyar ina koyon fassara, ranar na yi wadda ta fi kowace santsi, kuma ƙarya ce.

Baba ya daɗe yana kallon kofinsa. Ya ce, "Shi ke nan abin da ke ciki?"

Na ce, "Shi ke nan, Baba."

Ya ce, "To. Allah ya yi miki albarka." Ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu.

Ranar bizit ya yi wanka, pampo ya yi zubarsa kamar kullum, ya sa kayan aiki ya fita. Ni da Inna muka wuni kamar masu jiran haihuwa. Ta tsince shinkafar da ta riga ta tsince. Ni na buɗe littafi a gabana, shafi ɗaya har azahar. Duk motar da ta wuce sai na miƙe. Na ƙudurta a raina in aka sauke shi, zan bar karatun nan, in tattara littattafan in ba mai ƙosai ta naɗe kayanta.

Motar ma'aikata sai yamma take dawo da su. Ana kiran azahar muka ji kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida. Inna ta ajiye faranti a hankali. Baba ya shigo da sallama, da babbar ambulan a hannunsa, irin wadda ake saka hoton ƙirji. Ya zauna a tabarma, ya cire takalman aiki ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a jikin bango.

Ya ce wa Inna, "An sauke ni daga rami. Za su tura ni Yamai a ƙara dubawa, a fara magani."

Inna ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta shige ɗaki.

Ni ban san lokacin da na zube a gabansa ba. Na ce, "Baba, ni ce. Ni na jawo. Abin da na karanta maka ba shi ne a rubuce ba. Wani ya kai wa likita, ni na ba su da hannuna." Ina kuka ina faɗa, majina da hawaye, ba ko kunya.

Ya bari sai da na gaji. Sannan ya ce, "Ba wanda ya kai wa likita komai. Ko ya gani, bai nuna mini ba. Tambayata ya yi irin ta kowace shekara, kana tari? Na ce ina yi."

Na ɗago na dube shi.

Ya ce, "Telan nan ɗan Gana da ke bakin kasuwa, wanda ya zo zai wuce arewa ya fasa. Tun kafin ki iso na kai masa ya karanta mini. Sau biyu na sa ya maimaita." Ya shafa gemunsa. "Na ba ki ne in ji ko za ki faɗa mini da bakinki."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce, "Ka yafe mini, Baba."

Ya ce, "Tun yaushe kike ji?"

"Tun ina lise."

"Ƙannenki fa?"

"Duka, Baba. Har autarmu."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kuma ba fushi ba ne. Ya ce, "Ni duk a zatona ba ku ji. Ina zubar da ruwan mutane, ina cewa na rufa wa yarana asiri, su yi karatunsu hankali kwance. Ashe kowace safiya kuna kwance kuna saurare." Ya kalli takalman da ke jikin bango. "To wa nake ɓoye wa? Likita kaɗai ya rage, shi kuwa shi ne mai magani."

Daga baya ya ce ya yafe mini, har ya hana ni maganar barin karatu. Ya ce wanda ya fara haƙa ba ya barin rami a rabi. Na gama mastar ɗin. Da aka sake neman layukanmu don sabon shafi, na rubuta makarantun da na yi da abin da nake bincike, na tsaya nan. Har yau in ɗalibi ya tambaye ni ko ya sa labarin gidansu a gabatarwar aikinsa, sai in ce masa ya fara zuwa ya tambayi masu labarin.

Mutane suna ce mini ai alheri ne, da ban rubuta ba da bai nemi magani ba. Wataƙila. Amma ni na ga Inna tana naɗe labulen da ta rataya tun tana amarya, na ga ƙannena an cire su daga lakwal ɗinsu a tsakiyar shekara, na ga an loda gadonmu a bayan kamyo, motar ɗaukar kaya, za a kai Damagaram, garin da ba mu taɓa zama a ciki ba sai da salla. Ban san a wane ma'auni zan auna wannan da wancan ba, kuma na daina yarda da masu cewa sun sani.

Safiyar da za mu bar gidan, ina kwance a tabarma a ɗakin da ba komai a ciki, na ji Baba ya dawo daga masallaci. Na jira ƙarar bokiti. Ba ta zo ba. Ya tsaya a tsakar gida, a fili, ya yi tarinsa. Ban taɓa jin sa ba ruwa a kai ba. Ya fi yadda nake zato zurfi, ya fi tsawo, yana tsayawa kamar ya ƙare sai ya sake tasowa daga ƙasa. Ƙannena duk idonsu biyu, ba wanda ya motsa. Na ji Inna ta ajiye ludayinta, ta buɗe pampo kaɗan, ta tari kofi ɗaya ta rufe. Sannan na ji muryarta, a karo na farko a rayuwata, tana ce masa, "Sannu, Malam. Sha ruwa."